Takalman da Ba Su Taka Ƙasa Ba

Jiya da yamma ku uku kuka same ni a bencina na bakin tasha, kowa da waya a hannu, kuna nuna mini hoton fulotai. Wai kun samu ɗan abin hannu a awon masara, kuna so ku gina ɗakunan haya ku huta. Ɗayanku har cewa ya yi, "Baba Garba, ai haya kuɗin kwance ne, kana barci suna shigowa." Dariya kawai na yi, don an riga an kira magariba. Yau da na samu sarari, bari in ba ku amsa. Shekarata talatin da 'yan kai ina riƙon makullan gidajen mutane, daga Bebeji zuwa Kiru, daga nan Tudun Wada har Riruwai, kuma ban taɓa ganin mai gidan hayar da barci ya sa ya yi ƙiba ba. Kallon kitse kuke yi wa rogo.

A hannun marigayi Alhaji Tanko na koyi sana'ar, dillalin gidaje da gonaki ne a Kwanar Ɗangora. Da gemuna na je masa, bayan tireda ta karye mini. Aikin farko da na bi shi, wani ma'aikaci ne yake son sayen gida a Kiru ya zuba 'yan haya. Da rani ne, gida ya sha fenti, mai saye yana rawar jiki, ni ma ina rawar jiki saboda la'ada. Alhaji ya ce a jira marka. Mai saye ya yi fushi, ni na fi shi fushi. Da ruwa ya zauna muka koma. Alhaji ya tuɓe takalmi ya bi gindin katanga da ƙafa, yana caka sanda. Sandar tana shiga kamar a cikin tuwo, tsakar gida kuwa ruwa har idon sawu. Ya juyo ya ce mini, "Garba, fenti na mai sayarwa ne, gindin katanga shi ne na mai saye." Tun daga ranar ban sake yabon gida da rani ba.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne wanda kuke mantawa: nan ba birnin Kano ba ne, ɗan gari ba ya haya. Yaro in zai yi aure, sai a yanka masa gefen gidan ubansa ya ɗora ɗaki. Wanda ya kama haya a garinsu, tambaya za a yi ko faɗa aka yi a gida. Saboda haka ɗan hayarka kullum baƙo ne: malamin makaranta da aka turo, ma'aikaciyar asibiti, ɗan sanda, masu awo da kaka, masu haƙar kuza a Riruwai. Ranar da baƙo ya daina zuwa, gidanka ya zama kango mai fenti. Na san wanda ya gina ɗaki goma sha biyu a Riruwai lokacin da aikin haƙa ya ɗan farfaɗo. Damina biyu kacal, masu haƙa suka koma wani rami, jemagu suka tare. Na san wanda ya dawo daga birni ya yi ciki da falo da banɗaki a cikin ɗaki, irin na famfo, a unguwar da ruwan sha ma sai an sayo a kura. Matar wani malami ta leƙa ta fito ta ce, "Ni da zan sayi ruwa in sha, sai in sayi wani in ba masai?" Sai da aka toshe banɗakin aka haƙa na gargajiya a baya kafin gidan ya samu mutum.

Kun ce kayan aikinmu waya ce da makulli. Ga jakata nan, ku duba. Tarin makullai, kwaɗo biyu na ko-ta-kwana, tocila don leƙa silin, sandar ƙarfe don ƙwanƙwasa katako a ji ko gara ta shiga. Waɗannan kowa ya san amfaninsu. Amma a ƙasan jakar akwai tsofaffin labulaye, da butoci, da takalma, kuma su ne ainihin sana'ar.

A garuruwanmu ɗakin da babu kowa ba na mai gida ba ne, na dangi ne. Da zarar an ga kwaɗo ya kwana biyu a ƙofa, za a zo gaisuwa. Akwai wani gida da nake riƙo a Bebeji, ɗan baffan mai gidan ya zo ya ce a ara masa ɗaki amaryar ɗansa ta tare, kwana arba'in kawai, kafin a gama nasu ginin. Mai gida kunya ta kama shi, ya ce ba komai. Bara na je sunan jikan wannan amaryar, a cikin wannan ɗakin. Shi ya sa mai gida yake neman irina. Shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa ɗan'uwansa a'a ba, sai ya ce, "Je ka ga Garba, komai yana hannunsa." Ni kuma kafin a zo na rataya labule a kan kwaɗo, na ajiye takalmi da buta a ƙofa. Mai roƙo ya zo ya ga labule, ya ce ashe an kama, mu rabu lafiya. Ko ya yi zargi ba zai ɗaga ba, don mutumin gari ya san abin da labule yake nufi: an ce a'a ba tare da kowa ya ji kunya ba. In ma za a yi zagi, ni za a zaga. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma la'adar da ake ba ni kuɗin ratayar ce.

To, aikin da nake so in ba ku labarinsa shi ne gidan Malam Sambo, mai ɗaki takwas ɗin nan da ke bayan tasha. Malam Sambo Bafulatani ne na bakin dajin Falgore, yana kiwo yana noma, Hausa a bakinsa kamar ni da ku. A shekarun da daji ya ɓaci aka kore masa fiye da rabin garke rana ɗaya. Da ya ga haka sai ya kaɗo ragowar kasuwa, ya bar 'yan na tatsa da bijiman huɗa, ya zo mini da kuɗin a cikin buhun taki.

"Malam Garba," ya ce, "dukiyar da ba ta da ƙafa nake so. Wadda ba a kora ta."

"Akwai ta," na ce. "Amma ka sani, ba ta haihuwa."

"Kai dai Kaɗo, Bahaushe sai surutu. Nemo mini fili."

Na yi masa aikin tsakani da Allah, don na san abin da ya rage masa ke nan a duniya. Sai da marka ta zo na zaɓi fili a kan tudu. Kafin a aza bulo ɗaya na sa aka haƙa rijiya. Aka yi soro, aka bar tsakar gida mai faɗi don turmi da shanya, masai biyu a baya, ba mai kallon gabas, katakon rufi duk ya sha baƙin mai. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya zagaya gidan yana shafa bango, kamar yadda yake shafa shanu a turke. Ɗakin da ke kusa da rijiya, wanda ba ya rasa ɗan haya, har suna ya sa masa, wai Mai Nono. Shekara huɗu gidan yana cike: malamai, wata nas, ɗan sanda da iyalinsa, da kaka kuma masu awo su cike gurbi.

Sai shekarar da komai ya tashi. Kun santa, ba yara ba ne ku lokacin. Siminti ya tashi, kwano ya tashi, kuɗin mota ya tashi, albashi ya zauna inda yake. Malamai uku suka haɗe a ɗaki ɗaya. Nas ta nemi a mayar da ita kusa da gida. Ɗan sanda ya tura matarsa garinsu, shi ma ya tattara. Iskar farkon damina ta zo ta ɗage kwanon ɗaki biyu, gyaran ya haɗiye ɗan abin da ya shigo. Kafin tsakiyar damina ɗaki biyar babu kowa, har da Mai Nono. Na fara lura masu 'ya'ya samari suna tsayar da ni a hanya da doguwar gaisuwa, har ana tambayar lafiyar jikokina. Na san me ke tafe. In ɗaki biyar suka shiga hannun aro a irin wannan shekara, garken Malam Sambo ya tafi karo na biyu, wannan karon ba wanda za a kira ɓarawo.

Shi kuwa yana can yana fama da gona da ciwon gwiwa, ya kusa wata biyu bai shigo gari ba. Sai na kwance jakata. Labule biyar, butoci, silifas, da wani takalmi sau-ciki na fata da na gada a wurin Alhaji Tanko, wanda na ajiye a ƙofar Mai Nono don ya yi kama da na babban ma'aikaci. Ban gaya wa Malam Sambo ba. Ba a gaya wa mai gida, don in an tambaye shi ya rantse da gaskiyarsa.

Wata rana da hantsi, ruwa ya ɗauke, ina tsakar gidan ina yashe kwata, na ji sallama a soro. Wani dogon mutum ne siriri, da malafa, sanda a kafaɗa, takalmin robarsa ɗaya an ɗaure shi da waya. Ina ganin fuskarsa na san jinin waye. Hancin Malam Sambo ne, idon Malam Sambo ne, sai dai wannan wahala ta fi cinsa.

"Sannu da aiki, Malam. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Da godiya. Nan ne gidan Sambo na bakin daji?"

"Nan ne. Amma ba ya zama a nan, ni ke riƙe masa."

Ya shigo taku biyu ya tsaya. Bai kalle ni ba, bai ma kalli labulayen sosai ba. Ƙasa yake kallo, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Na ɗauka kunyar Fulani ce.

"Gida ya cika ke nan," ya ce.

"Alhamdu lillahi," na ce.

"Madalla. Allah Ya ƙara albarka."

Na ɗebo masa ruwa a rijiya, ya tsuguna ya sha. Na ce wa zan ce ya zo, ya ce ba komai, mai wucewa ne. Ya saɓa sandarsa ya fita. Ni kuwa na koma kan kwatata ina yabon kaina, ga ɗan'uwan mai gida na kusa na sallama, kuma bakina bai yi ƙarya ba.

Ranar kasuwa ta biyu bayan haka Malam Sambo ya shigo gari sayen kanwar shanu. A bayan rumfunan kanwa ya ga wata mata kwance a tabarma an kare ta da leda, yara uku a gefenta, da mutum zaune ya haɗa kai da gwiwa. Mutumin ƙanensa ne Yero, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi kudu da shanu shekaru da yawa, wanda yake zaton har yanzu yana can. Ciwo da rigingimu sun cinye garken ƙaf. Matarsa tana da tsohon ciki, ƙafafu sun kumbura, a asibiti an ce kada ta yi nisa, kullum a kawo ta a duba. Kusan mako biyu ke nan suna kwana a rumfar kasuwa cikin marka, ranar kasuwa mai rumfa ya tashe su, da yamma su koma.

Ina soro suka shigo, Malam Sambo a gaba yana ɗingishi, Yero a baya nesa kaɗan. Gaisuwar ranar ba ta kai kalma uku ba. Ya wuce ni kai tsaye zuwa Mai Nono ya ɗaga labule. Kwaɗo. Ya ɗaga na biyu. Kwaɗo. Matan 'yan hayar da suka rage suka bar wanke-wanke suka tsaya kallo. Ya sunkuya ya ɗauki sau-cikin Alhaji Tanko, ya juya shi. Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, inda ya tashi kuwa ciyawa ta yi fari saboda daɗewa ba ta ga rana ba.

"Malam Garba, mai takalmin nan ina yake?"



"Zo ka ga wani abu," ya ce. Ya nuna ƙasa da sandarsa. "Ɗaki uku ke da sawu. Ga shi nan, daga ƙofa zuwa rijiya, daga rijiya zuwa bayan gida. Biyar ɗin nan ciyawa ce har dokin ƙofa. Mutumin nan tun yana ɗan shekara bakwai yake bin sawun maraƙi a kan fako. Shi za ka ruɗa da silifas?"

Sai a lokacin na gane abin da Yero yake kallo ranar da ya zo. Ni ina tsammanin kunya ce, ashe karatu yake yi.

"Tun daga soro ya san babu kowa," in ji Malam Sambo. "Ka san abin da ya ɗauka? Cewa labarin zuwansa ya riga shi isowa, ni na sa aka rataya saboda shi. Shi ya sa bai ƙarasa wurina ba. Mako biyu yana garin nan, ko aike bai yi mini ba."

"Hamma, bar maganar," in ji Yero ga yayansa, daga inda yake tsaye. "Gidanka ne. Ni ban roƙa ba."

"Wallahi ban sani ba, Yero," in ji Malam Sambo.

Yero ya ci gaba da kallon bango, sandarsa a kafaɗa. Na ga bai yarda ba, kuma yana da hujja: wa ya taɓa ganin ɗan aike ya yi abin da ba a aike shi ba? Nan na ga abin da dabarata ta yi. Ita dabarar an yi ta ne don mutumin gari, wanda zai ga labule ya fahimta, ya je ya zagi dillali, gobe ya ci tuwo da mai gida. Wannan kuwa bai san da wani dillali a tsakani ba. Shi dai ya ga ƙofar yayansa, ya ga an yi mata ƙarya don kada ya shiga. Na tsare wa Malam Sambo ɗakunansa, na kusa raba shi da ƙanensa har abada.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban matan nan da yaransu na bi ƙofa-ƙofa na sauke labulayen da hannuna, na tara butoci da takalma a tsakar gida. Sannan na je gaban Yero na tsaya.

"Malam Yero, ka ji tsakanina da Allah. Labulen nawa ne, takalman nawa ne, daga jakata suka fito. Yayanka bai sani ba, ba a kuma gaya wa mai gida, haka sana'ar take. Tun kafin ka zo na rataya su." Na so in tsaya a nan, amma na san da saura. "Kuma ranar da ka zo na gane ka. Fuskarka ta gaya mini ko kai waye. Na ba ka ruwa na bar ka ka tafi."

Shekara da shekaru ina ɗaukar laifin masu gida ana biyana, ban taɓa jin nauyinsa ba. Ranar da na ɗauki nawa na kaina, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yero ya dube ni. Can ya ce, "To. Na ji." Ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya jingina ta da bango. Malam Sambo ya juya baya yana goge fuska da gefen rawani.

Amma fa hali zanen dutse. Ko minti biyar ba a yi ba dillalin da ke cikina ya farka. Na ja Malam Sambo soro na rage murya.

"Malam Sambo, a ba shi, dole ne. Amma a ba shi na lungu. Mai Nono shi ne ɗakin da baƙo ke fara so. Kuma a yi 'yar takarda, a sa wata nawa. Na ga irin wannan a Bebeji, na gani a Kiru. Ɗakin aro ba ya dawowa."

"Ka san yadda muke yi in ɗan'uwa ya rasa shanu?" ya ce. "Karsana ake kamawa a ba shi. Ta haihu a hannunsa, ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙan su zama nasa. In ya tsaya da ƙafarsa ya maido uwar. Ba takarda. Kuma ba a ba da gurguwa, mai kyau ake zaɓa. Ba ni makullin Mai Nono."

"Ai ɗaki ba karsana ba ne. Ita tana da ƙafa, tana iya dawowa."

"Kaɗo ke nan," ya ce. "Wa ya gaya maka ƙafarta ce ke dawo da ita?"

Na ciro makullin na ba shi. Da zai koma ciki sai ya tsaya a kan tarin takalman, ya dubi ƙafar ƙanensa mai ɗaurin waya, ya ɗauki sau-cikin Alhaji Tanko ya kakkaɓe ya miƙa masa. "Saka," ya ce. "A ƙofata na same su."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi, ni ba mai tatsuniya ba ne. Abin da na ji tsoro ya faru. Da labari ya bazu cewa ɗakunan Malam Sambo babu kowa, mutum biyu suka ƙara zuwa, ya ba su. Ɗaya ya tashi bayan shekara, sai da na bi shi karɓar makulli. Ɗayan, wani ɗan surukinsa da ya tashi a gari, har yau yana nan, da tumakinsa a ƙofar ɗaki, kuma in an yi maganar gyaran kwata shi ne ya fi kowa ƙorafi. Kasuwar haya ta daɗe ba ta dawo ba, da ta dawo ma da rarrafe ta dawo. Gidan bai taɓa mayar wa Malam Sambo garkensa ba. Yana dai ci a ciki, yana sayen taki, yana gyara rufi. In kuna neman dukiya mai ninka kanta, ba nan take ba.

Matar Yero ta sauka lafiya a watan da ya biyo baya. Malam Sambo ya aiko mini takanas da wani ɗan acaɓa, wai a gaya wa Kaɗo ɗaki ya haihu, namiji. Yero kuma ya shiga kasuwar kara yana kora wa fatake shanu, ya karɓi kiwon shanun huɗar mutanen gari, da damina ya yi noma a gonar aro. Muna haɗuwa a hanya mu gaisa, gaisuwa mai kyau amma gajera. Duk inda na gan shi, sau-cikin nan na ƙafarsa. Ni dai a zuciyata na riga na cire Mai Nono daga cikin ɗakunan haya.

Saboda haka ga amsata gare ku. Ku ga fili da marka. Ku haƙa rijiya kafin bulo. Ku tambayi kanku wane baƙo ne zai zo garin, me zai kawo shi, me kuma zai mayar da shi. Sannan kowa ya zauna shi kaɗai ya tuna mutanen da ba zai iya ce wa a'a ba ko da bakin wani, don kowa yana da su. In za ka gina shida, ka sa a ranka biyar gare ka. In biyar ɗin ba za su riƙe gidan ba, bar kuɗinka a masara. Labule har yanzu ina ratayawa a wasu gidajen, ba zan ɓoye muku ba, abincina ke nan. Sai dai yanzu ina tambayar mai gida tukuna, in ce masa wa da wa ne in sun zo zan sauke.

Da kakar shekara ta uku ina zaune a wannan bencin Yero ya yi sallama. Ya ɗan yi kumari, ga sabon takalmin roba a ƙafarsa. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, na tambayi mai jego da ta daɗe da tashi daga jego. Sannan ya ce ya haɗa 'yan shanu uku, zai koma bakin daji kusa da yayansa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya ajiye a kan bencin.

"Na yi wa ɗakin shafe," ya ce. "Ƙofar ma gara ta fara ci, na sa an canja."

Na ɗauki makullin. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan, wannan ne makullin aro na farko da ya dawo hannuna ban je nemansa ba. Sai kuma ya miƙo mini wata baƙar leda. Na buɗe, sau-cikin Alhaji Tanko ne. Dunduniya ta cinye, baduku ya yi masa faci sama da sau biyu, kashin shanu ya bushe a gefe.

"Ga kayan aikinka, Malam Garba," ya ce. "Yanzu sun yi tafiya. In ka ajiye su a wata ƙofar, ko ni sai na yarda."

Ya yi murmushi, ya saɓa sandarsa, ya nufi motar Doguwa, wadda ke bi ta bakin daji.

Ga su nan a ƙasan jakar, ku ɗaga ku gani. Ban sake ajiye su a ƙofar kowa ba. Bayan tafiyarsa Mai Nono ya yi wata huɗu bai samu ɗan haya ba, na bar shi yadda yake, kwaɗonsa a fili, ciyawa a dokin ƙofa, duk wanda ya shigo soro yana gani.